SU DA GASHIN ZABO: ABIN DA RUWAN JAKARA KE KOYA MANA

Ran wata Laraba cikin damina, wajen ƙarfe goma na safe, na fito daga duba wata makaranta a Fagge, na bi ta bakin rafin Jakara zan tsallaka Sabon Gari. Sai na tarad da yara uku, biyu da rigar makaranta a jikinsu, sun tsuguna a kan wani tudun shara, ko wanne riƙe da kara da zare. Ruwan da su ke jefa ƙugiya a ciki baƙi ƙirin, ledoji na yawo a samansa, wari kuwa sai mutum ya toshe hanci. Da na matso, biyu suka zura da gudu, don sun zaci kama su na zo yi. Ƙaraminsu ya tsaya, don ba ya so ya bar gwangwaninsa. Na leƙa gwangwanin, sai ga 'yan tarwaɗa biyu, ba su fi tsawon tafin hannu ba. Na ce, "Yaro, me za ka yi da su?" Ya ce, "Malam, Inna za ta sa a miya."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Da farko niyyata in yi masa faɗan gudun makaranta, amma da na tambaye shi yadda ya ke yi, sai na ga ya san lokacin da tarwaɗa ke tasowa sama, ya san inda ta ke fakewa, ya san abin da ta fi so a baki. Ilmin halittu ke nan tsantsa, wanda mu malamai mu ke ta fama mu cusa wa yara daga kan allo. Abin da bai sani ba shi ne abin da ke cikin ruwan, da abin da zai biyo kifin zuwa tukunyar uwarsa. Saboda haka na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana malaman makaranta da ma'aikatan ofis bayani a kan abu biyu: wata dabarar su wadda ba a saba da ita a ƙasarmu ba, da kuma halin da ruwan birninmu ke ciki.

JAKARA DA KUDUDDUFAN KANO

Kano gari ne da ya tashi a bakin ruwa. Rafin Jakara daga cikin birni ya ke tasowa, kuma a gefensa aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Baturen nan Kilafatan, da ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu, kasuwa na ci a wani ɗan tudu a tsakaninta. Bajamushe Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, shi ma ya ga Jakara a 1851. Ban da Jakara kuma akwai kududdufai birjik, waɗanda asalinsu ramuka ne da aka haƙa don ɗebo ƙasar gina gidaje da ganuwa. In damina ta sauka su kan cika, su riƙe ruwan da zai shiga gidajen mutane, kuma a cikinsu yaran birni su ka koyi iyo da fatsa.

Daga birni rafin ya kan fita waje ya ratsa ta Fagge, tsohon zangon fatake da Buzaye masu raƙuma, ya wuce ta kusa da mayanka, ya bi ta gefen Sabon Gari, unguwar da aka kafa a 1913 bayan isowar jirgin ƙasa. Sa'an nan ya nausa arewa maso gabas, ya haɗu da rafin Getsi wanda ke kwaso ruwan masana'antun Bompai, har su zube a madatsar Wasai a ƙasar Minjibir, wadda aka gina a 1976. A 2013 gwamnatin Jihar Kano ta fara aikin gine wani sashe na rafin da siminti, a rufe shi, a shimfiɗa titi a kansa. Watau dai Jakara ta yau a wurare da yawa ta tashi daga rafi ta koma babban lambatu, irin hanyar ruwan da hannun mutum ya gina.

Akwai kuma wasu hanyoyin ruwa na gini a kudancin Kano, waɗanda manoma ke kira kanal. Bayan da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, an ja ruwa ta cikinsu zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Ruwan nan ya kan yi ja ko ya yi gurɓi saboda laka, amma gurɓin laka dabam, baƙin ƙazanta dabam. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, gama a kansa dukan maganarmu za ta tsaya.

DABARAR TURAWA TA ƘWARON ƘARYA

Masuntanmu ba su rasa kayan aiki ba. Suna da koma, da birgi, da taru, da kalli, da mali, da mamari, ga kuma fatsa da yara ke yi da tana ko gara. Wanda ya je Argungu, inda a ke bikin su tun 1934, ya ga yadda dubban mutane ke faɗawa ruwa da koma da gora. Amma akwai wata hanya wadda ba a sa wa ƙugiya abinci ko kaɗan. Sai a sami gashin tsuntsu da zare, a ɗaɗɗaure su a jikin ƙugiyar har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta a hankali ta sauka bisa ruwa. Kifi ya ga kamar fara ce ko shinge ya faɗo, ya kawo cafka, sai ya ji ƙarfe.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubucin Rumawa mai suna Iliyan ya ba da labarinta wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, inda ya ce mutanen Makidoniya na naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara. A Ingila wani dattijo, Aizak Walton, ya wallafa littafi a kan fatsa a 1653, abokinsa Cals Koton ya ƙara masa babi a kan ƙwaron ƙarya a 1676. Mutanen duwatsun Japan su ma suna da irin tasu, da doguwar gora da zare kawai.

To, a Ingila an daɗe da raba kifin ruwan daɗi gida biyu. Akwai kifin manya, watau salmon da tirawut, masu zama a rafuka garai-garai masu sanyi, waɗanda galibi ke cikin filayen masu hali. Su ne a ke yi wa ƙwaron ƙarya, kuma sai mai kuɗi ke samun izni. Sauran kifaye duka aka haɗa su a suna ɗaya, wanda za mu iya fassarawa da kifin gama-gari. Waɗannan su ne rabon leburorin masana'antu, waɗanda ba su da wurin zuwa sai kanal-kanal ɗin da aka haƙa don jiragen dakon gawayi, tun daga na Birijwota da aka buɗe a 1761 zuwa Mancesta. Nan ma'aikaci zai zauna ran hutu da gwangwanin tsutsa, a ruwan da bai fi namu haske ba.

Da tafiya ta yi tafiya, sai mutane suka gane ashe kifi bai san wannan rabo ba. Na kanal ma ƙwari ya ke ci, da ƙananan kifaye, kamar ɗan'uwansa na rafin attajiri. Yanzu a garuruwa irin su Barmingham za ka ga mutum ya taso daga ofis da yamma, da sandarsa da 'yar akwatin ƙwarin ƙarya a aljihu, yana bin bakin kanal a bayan tsofaffin masana'antu. A Afirka ta Kudu kuwa da wannan dabara su ke kama tarwaɗa a kogunan Val da Oranj, kuma tarwaɗar tasu iri ɗaya ce da tamu. Da na ji wannan sai na ce, ashe maganar ta zo gida.

YADDA KIFI KE FARAUTA A RUWA MAI GURƁI

Mai tambaya zai ce, ina amfanin ƙwaron da kifi ba zai gani ba? Amsar tana jikin kifin. Duk wanda ya taɓa feɗe kifi ya ga wani siririn layi da ya bi gefensa daga kai zuwa wutsiya. Da shi ya ke jin motsin ruwa, kamar yadda makaho ke gane shigowar mutum ɗaki. Tarwaɗa kuwa ƙananan idanu gare ta, amma tana da gashin baki guda takwas waɗanda ta ke lalube da ɗanɗano da su. Ga ta kuma da wata halitta a cikin kai, bayan matsatsin numfashinta, wadda ke ba ta ikon shaƙar iska kai tsaye. Shi ya sa ta ke tasowa sama lokaci lokaci ta haɗiyi iska, shi ya sa kuma ta ke rayuwa a ruwan da ya kashe sauran kifaye. Wanda ya ga tarwaɗa kaɗai a rafi kada ya ce rafin lafiya lau ya ke. Sau da yawa ma alama ce ta cewa saura sun ƙare.

Gaiwa ta fi ta juriya, domin huhu gare ta. In kududdufi ya ƙafe sai ta shige cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta kwanta har damina ta dawo. Karfasa kuwa galibin abincinta gansakuka ne da tsirran ruwa, amma ba ta ƙin ƙaramin ƙwaro in ya zo bakinta. Wata irin karfasa uwar ce ke goyon ƙwai da 'ya'ya a cikin bakinta har su yi ƙarfi. Kawara a sama ta ke kiwo, kuma ita ce ta fi saurin kawo wa ƙwaro cafka. Tsage mafarauci ne, haƙoransa na yanke zare kamar aska, sai an sa masa siririyar waya. A manyan madatsai a kan sami kurungu da ragon ruwa da giwan ruwa.

Daga wannan bayani ƙa'idodin su a ruwa mai gurɓi su ke fitowa da kansu. Na ɗaya, baƙin ƙwaro ya fi fari, gama kifi daga ƙasa ya ke dubo sama, baƙin abu kuwa shi ya fi yin inuwa a hasken sararin sama. Na biyu, ƙwaron ya kasance mai ɗan kauri da gashi buzu-buzu, yadda in an ja shi zai ture ruwa, kifi ya ji motsinsa. Na uku, a ja shi sannu sannu, a tsaya, a sake ja, don a ba kifi damar laluben inda ya ke. Na huɗu, a nemi bakin gaɓa, da gindin ciyawa, da ƙarƙashin gada, da wurin da ƙaramar hanyar ruwa ke zuba cikin babba, don nan abinci ke taruwa. Na biyar, lokacin su shi ne sassafe da gab da almuru. Tarwaɗa ma a kan kira ta, ta hanyar ɗan faɗa ruwa da kan sanda, sai ta zaci 'yan'uwanta ne ke kiwo ta matso. Amma fa mai su ya kiyayi taka ƙasa da ƙarfi, kada kuma ya bar inuwarsa ta faɗa kan ruwa. Ba banza Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma ba.

KAYAN AIKI DUK SUNA KASUWARMU

Turawa suna amfani da sanda ta musamman mai tsawon kamar ƙafa tara, da igiya mai nauyi. Hikimar ita ce, a fatsa ta yau da kullum nauyin dalma ke jan zare zuwa nesa, amma ƙwaron gashi ba shi da nauyi, don haka igiyar ce ke ɗauke da shi in an kaɗa ta baya aka kaɗo ta gaba, kamar yadda makiyayi ke kaɗa bulala. Waɗannan kaya suna da tsada, kuma ba lalle ne a same su a nan ba. Hanyar mutanen Japan ta fi dacewa da mu. A sami siririyar gora mai lanƙwasa, tsawon ƙafa goma zuwa goma sha biyu. A ɗaura wa kanta igiyar kaɗi mai ɗan kauri daidai tsawon sandar, sa'an nan a ƙulla zaren roba siriri kamar ƙafa uku a ƙarshenta. Kanal ba shi da faɗi, wannan ya isa.

Ƙugiya da zaren roba ana samunsu a kasuwar Sabon Gari. Zaren ɗinki baƙi ko ja yana wurin ko wane tela a Fagge. Gashin zabo da na wuyan zakara kuwa kyauta ne a wurin masu fige kaji, alhali a ƙasashen Turai gashin zabon nan a kanti a ke sayar da shi cikin 'yar leda, don wannan aiki.

Ga yadda a ke ɗaurawa. A soke ƙugiya a jikin totuwa ko a kama ta da filaya. A naɗe jikinta da zare daga ido zuwa inda ta fara lanƙwasa. A ɗaura 'yan silin gashi kaɗan a baya su zama wutsiya. A dawo da zaren gaba ana ƙara naɗi har jiki ya yi kauri kamar cikin fara. Sa'an nan a ɗauki gashin wuyan zakara guda, a ɗaure kansa kusa da idon ƙugiya, a kewaya da shi sau uku ko huɗu, sai silinsa su miƙe kamar ƙafafun ƙwaro. A ƙulle, a ɗiga ɗan gam. In ana so ya yi yawo bisa ruwa, sai a yanko ɗan guntun tsohon silifa a ɗaura a bayansa. In kuwa shinge a ke kwaikwayo, a kwantar da gashin zabo biyu a bayan su zama fukafukai. A daren da shinge suka fito bayan ruwan farko, da wayewar garinsa, babu ƙwaron da ya kai wannan.

Abu biyu na tsaro: a danne ƙayar ƙugiya da filaya, yadda in ta kama kunnen yaro ko rigarsa za ta fita ba sai an je asibiti ba, kuma mai kaɗawa ya sa hula da tabarau.

Ni kaina na gwada a wani kanal kusa da Kadawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar farko hulata kaɗai na kama. Manoman da ke ban ruwa suka yi ta dariya, wani dattijo ya ce, "Malam, kifin nan ba ɗan boko ba ne, ba ya cin takarda." Rana ta biyu na bar kaɗawa da ƙarfi, na tsaya ina kallo har na ga inda ruwa ke ɗan zobe a gindin wata ciyawa. Na sauke ƙwaron nan a hankali. Kafin in ƙirga biyar sai zare ya miƙe, ga kawara tana walƙiya. Dattijon ya karɓi ƙwaron ya jujjuya shi a hannu, ya ce in ɗaura masa biyu. Gani ya kori ji.

RUWAN DA ZA A CI KIFINSA DA WANDA BA ZA A CI BA

Yanzu mu koma kan yaron nan na Fagge. Ruwan Jakara daga birni zuwa bayan Sabon Gari yana ɗauke da dagwalon gidaje, da jini da tumbi daga mayanka, da baƙin mai daga garejin makanikai. Daga inda Getsi ya shigo kuma sai a ƙara da ruwan masana'antu, har da na majemu, waɗanda ke jima da wani sinadari mai suna kuromiyam. Masana na Jami'ar Bayero da na wasu jami'o'i sun sha auna ruwan nan da lakarsa da kifinsa da ganyayen lambun da a ke shayarwa da shi, sun kuwa sami dalma da kuromiyam da kadmiyam a ciki.

Abin da ya kamata ko wane malami ya gane ya kuma ganar shi ne, wuta na kashe ƙwayar cuta, amma ba ta kashe ƙarfe. Ko an soya kifin ya yi ƙayau, dalmar da ke jikinsa tana nan. Ƙaramin ƙwaro ya ci daga laka, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, tarwaɗa ta ci ƙaramin kifi, yaro ya ci tarwaɗa, abin yana taruwa a jiki sannu a hankali. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara ta fi yi wa ɓarna, ta dushe musu fahimta ba tare da an ga ciwo a fili ba. Mun ga iyakar sharrinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya mai dalma ta hallaka yara fiye da 400. Na Jakara bai kai wannan ƙarfi ba, amma guba ɗaya ce. Don haka ma a hana yara ɗabi'ar nan ta danne dalmar fatsa da haƙori.

Cuta ta biyu ita ce tsargiya, watau fitsarin jini. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata 'yar katantanwa, ya girma, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, tsoma ƙafa ma ya isa. Tana nan a kududdufai da madatsai da kanal-kanal na noman rani. Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Cuta ce, kuma tana da magani a asibiti, ƙwayar da a ke kira farazikwantal. A nan fatsar doguwar sanda ta fi koma, domin mai ita a tudu ya ke tsaye, ƙafarsa a bushe. Sai dai a kula, gefen kanal na siminti yana da santsi, ruwansa kuma yana da ƙarfin ja, kada a bar yara su je ba babba.

Saboda haka shawarata a taƙaice ita ce: a Jakara da Getsi kada a ci, kada a shiga. Mai son koyo ya tafi kanal-kanal na kudu, ko Tiga, ko Bagauda, ko Watari, ko Tomas ta wajen Dambatta, ya nemi iznin Sarkin Ruwa ko masu kula da wurin. Ya mayar da ƙananan kifaye, ya kuma saki karfasar da ya tarar da 'ya'ya a bakinta. A Ingila doka ce ta hana kama kifin gama-gari a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, don a bar su su hayayyafa. Mu ma kakanninmu sun san wannan hikima, shi ya sa a ke rufe wasu ruwaye sai ranar da sarkin ruwa ya buɗe su.

RAFI YA KAN MUTU, YA KAN KUMA FARFAƊO

Kada wani ya ce Jakara ta riga ta lalace, sai haƙuri. Kogin Tems da ya ratsa Landan ya taɓa yin warin da ya dami 'yan majalisa a zaurensu a 1858, har aka tilasta gina manyan hanyoyin kwashe ƙazanta a ƙarƙashin birnin. A 1957 masana suka ce wani sashe nasa ya mutu, babu mai rai a ciki. Aka gyara wuraren tace dagwalo, aka matsa wa masana'antu, a 1974 sai ga salmon ya sake bayyana a kogin. A gida ma muna da misali. Kurkunu ya daɗe yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, amma da aka dage da tace ruwa da wayar da kai ƙauye ƙauye, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da shi.

Sakaci da hanyar ruwa kuwa ba kifi kaɗai ya ke kashewa ba. Kududdufai da yawa an cike su an yi gini a kai, ruwan da da su ke riƙewa ya rasa wurin zuwa. A watan Agusta na 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari a nan Fagge, ta lalata atamfofi da shaddodi na dukiya mai yawa. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan ofis: a zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, dubagari in ya shigo unguwa kowa ya kan shiga taitayinsa. Yau takardar neman fili, da ta iznin gini, da ƙarar maƙwabta a kan mai zubar da shara a lambatu, duk ta teburin akawu su ke bi. Wanda ya ga takardar gini a kan hanyar ruwa ya ja hankalin na gaba da shi a rubuce, ya yi wa garinsa aikin da ba za a buga a jarida ba, amma Allah Ya gani.

Ga malamai kuwa: darasin nan ba ya bukatar kuɗi. A ɗebo ruwa kwalba uku, na famfo, da na kanal, da na lambatu, a ajiye a taga kwana biyu. Yara za su ga na kanal ya kwanta ya yi haske, laka ta koma ƙasa, na lambatu kuwa yana nan da launinsa da warinsa. A kawo tarwaɗa da karfasa daga kasuwa, yara su ƙirga gashin baki, su nemo layin gefe, su zana. A sa su tattaro sunayen kifaye daga bakin kakanninsu kafin sunayen su ɓace. A ba su zare da gashin zabo a darasin aikin hannu. Yaron da ya zauna rabin sa'a yana duban fara don ya kwaikwayi siffarta ya koyi lura da natsuwa, waɗanda su ne tushen ko wane ilmi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Yaron nan na Fagge na raka shi gida, na gai da mahaifiyarsa, na yi mata bayanin abin da ke cikin ruwan. Ta ce, "Malam, wallahi ban sani ba, na ɗauka kifi kifi ne." Ta zubar da su a gabana. Da zan tafi na yi wa yaron alkawari in ya cika wata guda bai yi fashin makaranta ba, zan kai shi Kadawa tare da malaminsu da 'yan ajinsu. Ya cika, ni ma na cika. Shi ya fara kamawa a ranar, da ƙwaron da ya ɗaura da hannunsa.

Allah Ya ba mu ikon kiyaye amanar ruwa da ta yara, Ya nuna mana ranar da za a tsaya a bakin Jakara ba a toshe hanci ba, amin.